Sauya Dogon Ƙwan Lantarki Na Gida Zuwa Fitilar LED

Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo a biranen ƙasar Hausa daga shekarun 1970 zuwa farkon wannan ƙarni ya san dogon ƙwan lantarki, wanda masu gyaran wuta ke kira fulorasan. Shi ne fitilar falo da zaure, shi ne na masallaci da aji da shagon tela, har mai shayi da mai tsire sukan rataya shi a bakin titi domin jawo hankalin masu wucewa. An san shi da farin haske, an kuma san shi da yanga. Idan aka danna makunni sai ya yi ta ƙifce-ƙifce kamar mai jin barci, ya yi gunaguni, sa'an nan ya kama. Ran da wuta ta zo da rauni kuwa sai ya kwana yana ƙyafta ido, bakinsa biyu sun yi ja, bai kama ba, bai kuma mutu ba.

Zamanin wannan ƙwai ya zo gangara, fitilar LED ta karɓi wurinsa a kasuwa. Sai dai gidajen ƙarfe da aka kafa dominsa suna nan manne a silin da bangon gidaje masu yawa, kuma magidanta da dama sukan sayo ƙwan LED mai siffar dogon ƙwai su zura a ciki, bisa zaton tunda tsawo ɗaya ne, ƙafafu iri ɗaya ne, to aiki ma ɗaya ne. Wannan maƙala za ta nuna cewa ba haka abin yake ba. Wahalar sauyin ba a jikin ƙwan take ba, tana cikin gidan ƙwan, inda wasu na'urori biyu suke ɓoye, watau cok da sitata.

Yadda dogon ƙwai ke ba da haske

Kamfanin General Electric na Amurka ya fara sayar da dogon ƙwai a 1938. Bututun gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa, aka sa wata iska da ake kira agon, tare da ɗan ɗigon zaiba. A kowane baki akwai siririyar waya a murɗe, wadda ƙarshenta biyu suka fito waje a matsayin ƙafafu biyun nan da ake zurawa a mariƙi. Idan lantarki ya ratsa ta cikin tururin zaiba, yakan haifar da wani haske da idon ɗan'adam ba ya gani. Farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ce ke shanye wannan ɓoyayyen haske ta mayar da shi fari. Ke nan hasken da ake gani na hodar ne.

Irin wannan ƙwai yana da matsala biyu. Ta farko, wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ba ta isa ta fasa hanya ta cikin iskar bututun tun yana sanyi ba. Ta biyu, da zarar hanya ta buɗe, ƙwan ba ya da linzami: zai yi ta jan lantarki har ya hallaka kansa. Domin maganin waɗannan aka haɗa shi da abokan aiki biyu. Cok shi ne dunƙulen nan mai nauyi, wanda ba kome ba ne illa siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa ɗaruruwan sau a kan baƙin ƙarfe. Sitata kuwa ita ce 'yar gwangwanin da ake murɗawa a gefen gidan ƙwan. A cikinta akwai ɗan ƙaramin gilashi mai harsunan ƙarfe biyu, ɗaya daga cikinsu yakan tanƙware idan ya ji zafi.

Idan aka kunna, wuta takan bi ta cikin sitata tukuna, harshen ya yi zafi ya tanƙware ya taɓa ɗan'uwansa, sai lantarki ya bi ta siraran wayoyin bakin ƙwan ya ɗumama su. Jim kaɗan harshen ya huce ya saki. Wannan yankewa ta farat ɗaya ita ke sa cok ya yi harbi da ƙarfin da ya kai ɗaruruwan bolt, wanda ke fasa hanya ta cikin bututun. In harbin farko bai yi ba, sitata ta sake, shi ne ƙifce-ƙifcen da ake gani. Bayan ƙwai ya kama, sitata ta gama nata, cok kuma ya koma aikin linzami har lokacin da za a kashe. Gunagunin da ake ji nasa ne, haka kuma zafin da ke sa silin ya yi baƙi a daidai inda yake, domin shi ma yana cin nasa rabon na lantarki, kimanin wat 8 zuwa 10 bayan na ƙwan.

Fitilar LED

LED ba ta da iska, ba ta da zaiba, ba ta da wayar da za a ɗumama. Ɗan ƙanƙanin ƙwayar sinadari ce da ke fitar da haske kai tsaye idan lantarki ya bi ta cikinta. Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a Amurka a 1962, kuma an daɗe ana amfani da ita a matsayin ɗan jan idon da ke jikin rediyo da rikoda. Abin da ya gagara shekara da shekaru shi ne shuɗi. Masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka warware wannan tsakanin 1989 da 1993, aka kuma ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Da shuɗi ya samu sai fari ya samu, domin idan aka lulluɓe shuɗiyar ƙwaya da hoda mai mayar da wani sashe na hasken rawaya, gamin biyun yakan fito fari. An fara sayar da irin wannan a 1996.

Ƙwan LED mai tsawo jerin waɗannan ƙwayoyi ne a kan faifai siriri, cikin bututun roba ko gilashi. Ƙwayoyin ba sa shan wutar gida yadda take, saboda haka a cikin bakin bututun akwai wata 'yar na'ura mai tace musu ita, wadda ake kira direba. Sunan ya dace, domin shi ke tuƙa ƙwan, kuma galibi idan ƙwan LED ya mutu direban ne ya mutu, ƙwayoyin suna nan lafiya lau. Abin lura shi ne, direba ba ya bukatar harbin cok, hasali ma harbin na iya kashe shi. Ba ya kuma bukatar sitata.

Dalilan sauyawa

Dalili na farko kuɗi ne. Dogon ƙwai mai ƙafa huɗu na tsawo, watau santimita 120, yana cin wat 36, ko 40 idan tsohon yayi ne mai kauri. In aka haɗa da rabon cok, abin ya kai wajen 45. Ƙwan LED mai wannan tsawo yakan ci 16 zuwa 18. A ɗauka rarar wat 27 ce, ana kuma kunna fitila awa 6 kowane dare: a wata guda an tsirar da kusan yunit 5 a kan ƙwai ɗaya. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da farashin lantarki ta Nijeriya ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga masu rukunin A. A bisa wancan farashi, gida mai dogon ƙwai biyar zai tsirar da fiye da Naira 5,000 a wata. Wanda ba ya da mita, ana kawo masa takarda bisa ƙiyasi, ba zai ga wannan rara a aljihunsa ba, amma zai gan ta a janareto.

Lissafin janareto ya fi na mita tsanani. Saboda yanayin aikin cok, dogon ƙwai mai wat 36 yana jan amfiya 0.43, wanda a kan bolt 230 ke sa janareto ko inbata su ɗauke shi a matsayin nauyin da ya kusa 100. Shi ya sa ƙaramin janareto yakan fara nishi da ƙwai huɗu ko biyar da fanka ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan nishi ya zama abin da maigida ke ji a jikinsa. Haka mai sola: batirin da dogon ƙwai zai zuƙe kafin tsakar dare na iya kai LED har asuba.

Dalili na biyu raunin wuta ne. A unguwar da gidaje suka yi wa taransifoma yawa, ƙarfin wuta yakan faɗi da magariba, daidai lokacin da kowa ke bukatar haske. In ya sauka zuwa wajen bolt 180 ko ƙasa, sitata da cok ba sa iya tayar da ƙwai. Yawancin direbobin LED masu kyau kuwa an yi su ne su yi aiki daga bolt 100, wasu ma daga 85, har zuwa sama da 240. Ba duka ba ne, akwai waɗanda aka rubuta musu 220 zuwa 240 kawai, don haka mai saye ya duba jikin kwali.

Dalili na uku ba daga gida ya taso ba. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata domin rage amfani da zaiba, an kuma ba ta sunan wani gari na Japan inda gubar zaiba daga wata masana'anta ta shiga kifi ta nakasa jama'a. A taron da aka yi a Janeba a 2023, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, an amince a daina ƙera dogon ƙwai da fataucinsa tsakanin ƙasashe zuwa ƙarshen 2027. Ƙasashen Tarayyar Turai sun riga sun hana shigar da sababbinsa kasuwa tun 2023. Ma'ana, ko mai son dogon ƙwai zai wayi gari babu na kirki a shago.

Akwai gaskiya guda da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba. Sabon dogon ƙwai mai kyau yakan fi ƙwan LED mai wat 18 yawan haske idan aka auna jimla. Bambancin shi ne, dogon ƙwai yana watsa nasa ta kowace fuska, rabi ya tafi silin, LED kuwa tana tura nata ƙasa inda ake bukata. Saboda haka tabarma da teburi sukan fi haske, amma saman ɗaki yakan ɗan yi duhu.

Hanyoyin sauyawa

Kafin a taɓa kome, wajibi ne a san abu biyu: irin cok ɗin da ke cikin gidan ƙwan, da irin ƙwan LED da aka sayo. Idan gidan yana da sitata, cok ɗinsa tsohon yayi ne mai nauyi. Idan babu sitata, ƙwan kuma yana kamawa nan take ba ƙifce-ƙifce, to cok ɗin na zamani ne mara nauyi, kuma irin wannan ba a barinsa sai an sayi ƙwan da aka rubuta cewa an yi shi dominsa. In ba haka ba cire shi ake yi.

Ƙwayayen LED masu tsawo kuwa iri biyu suka fi yawa, kuma ido ba ya bambanta su sai an karanta rubutun jikinsu. Kamar yadda aka sani, kowace fitila na bukatar waya biyu: mai ɗauke da wuta, wadda masu gyara ke kira layif, da mai mayar da ita, wadda suke kira nutural. Akwai ƙwan da ke shan wuta ta baki ɗaya, watau layif ta shiga ƙafa ɗaya, nutural ta shiga ɗaya ƙafar ta wannan bakin, kuma akan rubuta L da N a wurin. Akwai kuma mai sha ta baki biyu, layif a wannan ƙarshe, nutural a wancan. Yawancin ɓarnar da ake yi daga rikita waɗannan biyu take tasowa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar tsohon cok a wurinsa. Idan ƙwan mai baki ɗaya ne wanda aka yi domin haka, akan sayar da shi tare da wata sitata ta musamman, wadda a siffa kamar tsohuwar take, amma cikinta fiyus ne kawai mai haɗa hanya. A cire tsohuwar sitata, a murɗa wannan, a zura ƙwai, shi ke nan. Idan kuwa mai baki biyu ne, sai a cire sitata a bar raminta fanko. Kada a yi kuskuren sa waccan sitata mai haɗa hanya ga ƙwai mai baki biyu, domin a irinsa galibi ƙafafun kowane baki a haɗe suke ta ciki, sai wuta ta kewaye ƙwan ta bi ta cok kai tsaye zuwa nutural, fiyus ya ƙone ko cok ya ɗauki zafi. Barin tsohuwar sitata kuma shi ne mafi muni, saboda za ta ci gaba da sa cok yana harbin direba. Wannan hanya ba ta bukatar yanke waya, amma tana da aibi: cok yana nan yana ɗan cin wuta, kuma ran da ya mutu fitila ta mutu tare da shi.

Hanya ta biyu, wadda ta fi ɗorewa, ita ce a fitar da cok daga layi gaba ɗaya. A nan akan buɗe murfin gidan ƙwan, a kwance wayoyin cok da na mazaunin sitata. Idan akwai kafasito, watau wani gwangwani mai kama da na fanka da akan samu a wasu gidajen ƙwai, shi ma a cire shi da hankali, domin yakan riƙe wuta a cikinsa bayan an kashe. Sa'an nan a kai layif da nutural ga mariƙai bisa ga irin ƙwan. Ga mai baki biyu, layif ta je mariƙi ɗaya, nutural ta je ɗayan. Ga mai baki ɗaya, duka biyu su je mariƙi guda, kowace a raminta, ɗaya mariƙin kuma a bar shi ba waya, aikinsa riƙo kawai. Sai dai a tabbata ramuka biyun mariƙin ba a haɗe suke ta ciki ba, kamar yadda akan samu a wasu gidajen masu cok na zamani, domin in a haɗe suke, layif da nutural za su gamu a yi tartsatsi. Duk wayar da ta rage a yanke ta ko a rufe bakinta da kyau. Wayar ƙasa, mai launin kore ko kore da rawaya, a bar ta ɗaure a jikin ƙarfen yadda aka same ta.

Bayan an gama, lalle ne a rubuta a jikin gidan ƙwan cewa an cire cok, LED kaɗai ake sawa, a kuma nuna bakin da wuta take. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. Gida yakan canja hannu, ɗan haya ya tashi wani ya shigo. Wanda bai sani ba ya zura tsohon dogon ƙwai a mariƙin da layif da nutural suke tare, siririyar wayar bakinsa za ta sha bolt 230 ba linzami, ta ƙone nan take, wani lokaci har gilashin ya tsage a hannunsa.

Idan gidan ƙwan ya yi tsatsa, ko mariƙansa sun bushe suna marmashewa saboda zafin shekaru, gyara ɓata lokaci ne. Gara a sauke shi a kafa fitilar LED mai haɗe da gidanta, wadda waya biyu kawai take bukata.

Inda haɗari yake

Babban abin da ke jefa mutane cikin haɗari a wannan aiki shi ne sabo da ɗauke wuta. Mutum ya ga an ɗauke, sai ya ce bari ya yi sauri ya gama kafin a kawo, ya hau kujera ya kama waya da hannu. Wuta kuwa ba ta sallama in za ta dawo. Haka nan gidan da ke da janareto ko inbata, wani na iya juya canji daga waje ba tare da sanin akwai mutum a kan tsani ba. Saboda haka a kashe babban makunnin gida ko a zare fiyus a sa a aljihu, a kashe inbata, a kuma sanar da mutanen gida.

Makunnin bango shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. A gidaje da yawa an yi wayarin ne bisa kuskure, aka sa makunni a kan nutural maimakon layif. Fitila takan mutu idan an kashe, amma wuta tana nan a mariƙi tana jira. Wata alamar wannan ita ce LED ta riƙa ɗan haske dishi-dishi cikin dare bayan an kashe ta. Launin waya ma ba hujja ba ne. A tsohon tsari ja ce layif, baƙa nutural, a sabon tsari ruwan ƙasa ce layif, shuɗiya nutural, amma mai wayarin da jar waya ta ƙare masa ba ya fasa aiki. Testa ce kaɗai ke faɗin gaskiya, ita ma sai an gwada ta a soket mai wuta an ga tana kamawa kafin a yarda da shirunta. Har ila yau, ƙwai mai baki biyu ba a zura shi wuta na kunne, domin idan baki ɗaya ya shiga mariƙi, yatsa kuma yana kan ƙafafun ɗaya bakin, wasu irinsa sukan bar wuta ta ratsa ta jikin mutum. Wanda bai saba da waya ba, hanya ta biyu ba tasa ba ce. Ladan mai gyaran wuta bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

Wajen saye kuma, araha ba ta ado. Akan rubuta awa 25,000 ko fiye a jikin kwali, amma zafi shi ne abokin gabar direba, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ba wurin wasa ba ne. Ƙwai mai bayan alminiyam ya fi na roba zalla fitar da zafi. Mara kyau yakan yi rawar haske da ke gajiyar da ido, yakan kuma sa rediyo shu'umin ƙara a gajeren zango, abin da mai sauraron labaran safe ba zai yafe ba. Lambar da ke ɗauke da harafin K launin haske take nunawa: 6500 fari ne fat irin na dogon ƙwai, ya dace da shago da wurin karatu, 3000 kuwa ja-ja ne mai kwantar da ido, ya fi dacewa da ɗakin kwana.

Tsohon ƙwai

Cok ba ya rasa mai so, 'yan gwangwan sukan saye shi saboda jan ƙarfen cikinsa. Ƙwan ne abin damuwa. An saba jingina shi a bayan ɗaki ko a jefa a bola, yara su tsince shi su yi takobi da shi, su fasa domin jin ƙararsa, farar hodar ta bulbule musu a hannu da fuska. Zaibar da ke ciki 'yan miligiram ce kawai, ta tsofaffin ƙwayaye ta fi yawa, amma gubarta kan taru a jiki ne ta taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ƙananan yara da masu juna biyu sun fi kowa rauni gare ta. Ƙwan da aka sauke a mayar da shi cikin kwalin sabon, a ɗaure, a ajiye inda yaro ba zai kai ba, kada kuma a sa shi cikin sharar da za a ƙona. Idan ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a kashe fanka, a buɗe tagogi na kamar minti 15. Ba a share shi da tsintsiya, domin tana tayar da hodar sama. Da guntun kwali ake kwashe gilashin, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, a haɗa tsumman da gilashin a cikin gwangwani mai murfi a rufe.